Sabuwar Manhaja da Binciken Ɗalibai: Tambayoyin da ke Jiran Amsa a Ƙasar Katagum

Gab da fara shekarar karatu ta 2025/2026, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare, wadda Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, NERDC, ta jagoranci tsarawa. An rage yawan darussan da ɗalibi zai ɗauka: 12 zuwa 14 a ƙaramar sakandare, 8 zuwa 9 a babba. An kuma taƙaita darussan sana'a zuwa shida, wato haɗa wutar sola da kula da ita, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da amfanin gona. Hujjar da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, da Ƙaramar Minista, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, suka kafa ita ce an yi wa yara lodin da ya fi ƙarfinsu, suna taɓa komai ba tare da sun ƙware a komai ba.

Hujjar tana da ƙarfi. Sai dai rage kaya bai faɗi abin da za a yi da sararin da aka samu ba. Idan awannin da suka rage suka tafi wajen ƙarin bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawa, to jiya ce aka maimaita da sabon suna. Akwai wani abu da ƙasashe da dama suka cike irin wannan gurbi da shi, wanda har yanzu ba shi da mazauni tabbatacce a makarantun gwamnati na Najeriya: aikin da ɗalibi zai zaɓa da kansa, ya yi watanni yana bi, ya kawo sakamakonsa ya kare shi a gaban malamai. Yana iya zama binciken kimiyya, ko tattara tarihin baka, ko ƙera na'ura, ko rubuta wasan kwaikwayo.

Garin Azare wuri ne da ya dace a auna wannan batu. Shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum kuma mazaunin Sarkin Katagum, kuma a cikinsa akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, da babban asibitin tarayya, da Kwalejin Gwamnatin Tarayya. A Gadau, tafiyar da ba ta da nisa, akwai jami'ar jiha wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur. Ba kowane gari ne a Arewa, in an cire manyan biranen jihohi, ya tara masu digirin bincike da ɗakunan gwaje-gwaje haka ba. Ɗan garin ne ma, Malam Adamu Adamu, ya riƙe Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya daga 2015 zuwa 2023. Idan har binciken ɗalibin sakandare zai iya kafuwa a wajen Legas da Abuja, wannan yanki yana da kayan haɗin a hannu.

Yana da kyau a bambance abubuwa biyu da aka saba cakuɗawa. Akwai gasa, akwai bincike. Yawancin abin da ake kira ƙarfafa kimiyya a makarantu gasa ce ta amsa tambayoyi: kacici-kacicin lissafi na Cowbellpedia, gasannin Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, da gasar Shugaban Ƙasa ta matasan masana kimiyya wadda ke tace ɗalibai daga ƙananan hukumomi 774. Duk suna da amfani, kuma yaran Arewa maso Gabas sun nuna ba a bar su a baya ba. A 2025 ɗalibai mata daga Jihar Yobe, maƙwabciyar Katagum, sun ɗauko lambobin yabo a gasar Turanci da muhawara ta TeenEagle a Landan. Amma a gasa wani ne ya tsara tambayar, kuma amsar tana aljihunsa tun kafin a fara. A bincike ɗalibi ne ke haifar da tambayar, kuma malaminsa ma bai san inda za ta ɓulla ba. Ƙwarewar da ake samu a na biyun, wato haƙurin aunawa da rubuta abin da aka gani ko da ya saɓa wa abin da ake fata, jarrabawar awa biyu ba ta gwada ta.

Haka nan akwai bambanci tsakanin bincike da abin da aka fi gani a bukukuwan makarantu da shafukan Facebook: yaron da ya ƙera mota ko jirgi da kwali da gwangwani da batirin waya. Irin wannan yaro yana da hannu da ido, kuma ya cancanci yabo. Abin da aka saba yi masa kuwa sananne ne. A ɗauki hoto da shi, wani mai hali ya ba shi kyauta, a yi alƙawarin ɗaukar nauyin karatunsa, mako biyu a manta. Da wuya a samu wanda zai zauna da shi ya tambaye shi minti nawa batirin ke yi, me ya sa wannan tayar ta fi waccan gudu, me zai canja in zai sake ƙerawa. Ƙungiyoyin JETS na matasan injiniyoyi da masu fasaha, waɗanda suka daɗe a makarantun ƙasar nan, an kafa su ne don wannan zama, amma ƙarfinsu ya dogara ga malami guda mai himma. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ƙungiyar takan koma suna a takarda.

Misalai biyu daga Kudu sun nuna fuskokin lamarin. A 2018 ɗalibai mata biyar daga makarantar Regina Pacis ta Onitsha suka ci zinare a rukunin ƙanana na gasar Technovation a Amurka, da manhajar waya mai suna FD-Detector da aka tsara don gane jabun magunguna. Kafin su, a 2015, wasu 'yan mata daga Kalaba sun yi nasara a gasar da manhajar kwashe shara. A duk biyun, yaran sun ɗauki matsalar da ke ƙofar gidansu, kuma sun samu babba da ya tsaya musu wata da watanni. Ɗaya fuskar ita ce ta 2012, lokacin da 'yan mata huɗu suka baje kolin janareta mai aiki da fitsari a bikin Maker Faire Africa a Legas. Labarin ya zagaya duniya, ana cewa lita ɗaya na ba da wuta ta awa shida. Daga baya masana suka yi nuni da cewa raba sinadaran da ke cikin fitsarin don fitar da iskar haidurojin shi ma yana cin wuta, kuma lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita shi ne ainihin tambayar. Laifin ba na yaran ba ne, domin sun yi abin da manya da yawa ba su yi ba. Manyan da suka yi ta tafi ba tare da sun nemi ganin awo ba su ne suka gaza.

Ƙasar Katagum cike take da tambayoyin da ba su fi ƙarfin ɗan aji biyu na babbar sakandare ba, kuma ruwa ne a sahun gaba. Kogin Jama'are ya ratsa yankin kafin ya shiga dausayin Haɗeja da Nguru, kuma ƙananan hukumomi irin su Zaki da Gamawa da Jama'are da Itas/Gadau sun saba da ambaliya. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum, matafiya da manyan motoci suka yi cirko-cirko. Muhawarar madatsar ruwa ta Kafin Zaki, wadda aka fara maganarta shekaru arba'in da ɗoriya da suka wuce, har yau tana raba kan manoman sama da na ƙasan kogin. Duk wannan muhawara tana buƙatar alƙaluma na ƙauye-ƙauye, kuma ma'aunin ruwan sama ba wani abu ne mai tsada ba: mazubi mai madaidaicin baki, da abin awo, da wanda zai duba shi kowace safiya a lokaci guda ya rubuta. Makarantu goma da za su riƙe wannan al'ada shekara biyar za su tara bayanan da hukumomin agajin gaggawa da malaman gona za su so su gani. Ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi, ita ma abin nazari ce. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta yi aiki kan sarrafa ta ta zama iskar girki da abincin dabbobi, kuma ɗalibi zai iya gwada gawayin kacalla da na itace ya ga wanne ya fi saurin tafasa lita ɗaya ta ruwa.

Sai batun ajiya, inda Arewa ke da gwarzonta. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar randa cikin randa a shekarun 1990. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Yayin da ruwan yashin ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, sai ya tafi da zafin ciki, kayan lambu su yi sanyi. Wannan ya samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000, kuma masu ba da lambar sun ruwaito cewa gauta na kai kwana 27 a ciki maimakon uku. Dabarar ta fi aiki a busasshen yanayi, tana raunana idan iska ta yi laima. To, nawa ne bambancin a Azare tsakanin watan Maris da watan Agusta? Yashin kogi ne ya fi ko na tudu? Sau nawa ya kamata a jiƙa shi a yini? Ɗalibar da ke da ma'aunin zafi ɗaya, da tukwane huɗu, da littafin rubutu, za ta iya amsa waɗannan cikin zango guda, kuma amsar za ta amfani mai sayar da tumatir a kasuwar garin.

Haka wake. Manoma na adana shi da toka, ko barkono, ko cikin jarka da aka toshe bakinta, ko a buhun nan mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska. Wasu kuma suna zuba maganin ƙwari, wanda yakan bi abinci ya cutar da masu ci. Mudu ɗaya a kowace hanya, a buɗe bayan wata uku a ƙirga ƙwayoyin da suka huje cikin ɗari: wannan cikakken gwaji ne, da abin kwatance da sakamakon da za a iya maimaitawa. Ya kuma dace da darasin noma da ke cikin sabuwar manhajar.

Bincike ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. A zamanin Turawa, a Sherifuri da Gadau aka kafa sansanin nazarin ƙudan tsando mai jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Masanin ƙwari T.A.M. Nash ya yi shekaru a Gadau cikin shekarun 1930 yana bin yadda zafi da laima ke sarrafa rayuwar ƙudan, kuma irin wannan ilimi ne aka yi aiki da shi a shirin sake tsugunar da jama'a na Ancau. Kayan aikinsa ba su wuce abin da makarantar sakandare ta yau za ta iya mallaka ba. Abin da ya yi yawa a aikin shi ne ƙirga da rubutu, kullum, ba fashi. Yara nawa ne a Gadau suka san cewa sunan garinsu yana cikin littattafan kimiyyar cututtukan ƙasashe masu zafi?

Wannan ya kawo ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato tarihi da harshe da adabi, domin da an ce bincike sai hankali ya tafi ga farar riga da kwalaben gwaji. Malam Zaki, wanda ya karɓo tuta a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, kuma sai a zamanin Turawa aka mayar da gadon sarautar Azare. A watan Janairun 1824 matafiyan Birtaniya Hugh Clapperton da Walter Oudney suka sauka a Katagum, Oudney ya rasu a Murmur bayan sun bar garin. A duwatsun Shira akwai zane-zanen mutanen da, waɗanda ke cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Harsunan Shirawa da Teshenawa, dangin Badanci, sun ɓace, Hausa ta haɗiye su. Lokacin da Victor Low ya rubuta littafinsa na 1972 kan masarautun Gombe da Katagum da Haɗeja, da bakin dattawa ya dogara. Waɗancan dattawa sun riga mu gidan gaskiya, kuma waɗanda suka ji daga bakinsu su ne tsofaffin yau. Ɗalibin da zai ɗauki waya ya naɗi hirar kakarsa kan yunwar shekarun 1970, ko sunayen unguwanni da asalinsu, ko kalmomin masunta da maƙera da ke fita daga bakin matasa, ya rubuta su da ranar hira da wurin da aka yi ta, ya adana abin da babu shi a kowane ɗakin karatu. Gwamnati ta dawo da darasin Tarihi a matsayin wajibi daga firamare zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare. Zai zama abin takaici idan ya tsaya a haddar shekarun da gwamnoni suka hau mulki.

A fagen ƙirƙira ma Jihar Bauchi tana da abin tunawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa matashin malamin makaranta ne lokacin da ya rubuta Shaihu Umar don gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Gasa ɗaya, da alƙawarin bugawa, ta haifar da littattafan da har yau ake karantawa. A Minna, gidauniyar Hill-Top ta B.M. Dzukogi ta shafe shekaru tana renon marubuta 'yan sakandare har su fitar da littafi. Abin da ya sa ta yi tasiri shi ne akwai mai karanta rubutun yaro ya mayar masa ya gyara, sau biyu, sau uku.

Me ya hana duk wannan faruwa? Amsa ta farko ita ce maki. Makomar ɗalibi tana rataye ne a kan kiredit biyar na WAEC ko NECO da makin JAMB, kuma babu gurbin aikin ƙashin kai a cikinsu da zai sa shugaban makaranta ya ware masa lokaci. Matsin ba ƙarami ba ne. A 2025 WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kafin ta gano kuskure a wajen maki ta gyara zuwa kashi 62.96. Ga kuma shirin mayar da jarrabawar kan kwamfuta, wanda ya janye hankalin makarantu da ɗan kuɗin da suke da shi. Uban da ya sayar da buhunan gero ya biya kuɗin jarrabawa yana da haƙƙin ya tambayi abin da ƙirga ƙwayar wake zai ƙara wa ɗansa. A Ingila an amsa masa wannan tambaya: aikin bincike mai kalmomi kusan 5,000 da ɗalibi ke yi a shekarun ƙarshe na sakandare yana da darajar rabin darasi guda a takardar shiga jami'a. A tsarin International Baccalaureate ba a samun shaidar kammalawa sai da maƙala mai kalmomi har 4,000. A nan kuwa sai dai takardar yabo.

Na biyu kuɗi ne, kuma a nan akwai giɓi a tsarin ƙasa. Hukumar UBEC tana tallafa wa ilimi daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Asusun TETFund na manyan makarantu ne. Babbar sakandare, inda ɗalibi ya kai shekarun da zai iya bincike mai ma'ana, ta daɗe a tsakiya kamar marainiya. Dokar 2023 ta Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare ta Ƙasa ta tanadi kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don cike wannan giɓi, amma shugabannin hukumar sun sha kokawa kan rashin sakin kuɗin. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka faɗaɗa a 2023 ya haɗa da Bauchi, yana gyaran makarantu da koyar da 'yan mata fasahar zamani; ko zai bar wata al'ada ta bincike bayan ya ƙare, wannan ya danganta da abin da jihar ta sa a jadawalin mako.

Sannan lokaci kansa ba shi da tabbas. A watan Nuwamban 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, Gwamnatin Tarayya ta rufe kwalejojinta sama da 40, Gwamnatin Bauchi kuma ta rufe makarantun jihar baki ɗaya. Babu mai zargin hukuma don ta fifita rai. Amma duk makon da aka rasa, abin da ba ya cikin jarrabawa shi ake fara yankewa idan an dawo.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya ƙara zafi tun da Ministan Ilimi ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa an soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa, Turanci ya zama harshen koyarwa a kowane mataki. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wannan mataki, binciken da za a yi a Madara ko Chinade da Hausa ko Fulatanci za a yi shi, domin da su manomi da ungozoma da masunci ke magana. Wasu takardun da ke hannun iyalai ma da ajami aka rubuta su, kuma yaron da ya yi makarantar allo ya fi ɗan makarantar kuɗi damar karanta su. Hanya mai sauƙi ita ce a bar ɗalibi ya tattara bayanansa ya kuma yi bayani da harshen da ya fi iya tunani da shi, sannan a nemi taƙaitawa da Turanci. Idan aka ce sai da Turanci tsantsa daga farko har ƙarshe, abin da za a samu shi ne shafukan da aka kwafo, masu kyan nahawu, waɗanda mai su bai san abin da ke ciki ba.

Kwafe shi ne babban haɗarin, kuma duk mai kiran a sa wa aikin ɗalibai maki dole ya dube shi da idon basira. Zimbabuwe ta gwada. Daga 2021 ta sa ayyukan da ɗalibi ke yi a tsawon shekara su ɗauki kashi 30 cikin ɗari na makin jarrabawar ƙarshe. Iyaye suka yi ta kuka kan tsadar kayan aiki da intanet, aka kuma samu masu yi wa yara aikin a biya su, ɗan mai kuɗi ya sayi maki, ɗan talaka na karkara ya tashi a tutar babu. A 2024 gwamnati ta soke tsarin ta maye gurbinsa da ayyuka kaɗan da za a yi a cikin makaranta a gaban malami. Najeriya ba ta buƙatar a ba ta labari, domin cinikin kundin kammala digiri a shagunan buga takardu da ke bakin manyan makarantu ba ɓoyayyen abu ba ne. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, masu iya zubo shafi ashirin kan kowane take kafin shayi ya huce.

Maganin yana cikin irin tambayar da aka zaɓa da kuma yadda ake duba aikin. Babu manhajar da ta san zafin cikin randa a wani gida a Azare ranar 10 ga Afrilu da ƙarfe biyu na rana, ko abin da wata tsohuwa a Shira ta ce game da auren zamaninsu. Idan abin da ake dubawa shi ne littafin da ɗalibi ke rubuta awonsa da hannu kowace rana, malami yana sa hannu mako-mako, sannan a ƙarshe ya tsaya minti goma yana amsa tambayoyi, mai saye ba zai ci riba ba. Ya kamata kuma gwajin da bai ba da abin da ake fata ba ya samu cikakken maki muddin an yi shi bisa ƙa'ida, in ba haka ba yara za su koyi gyara alƙaluma tun suna ƙanana. Manyan bukukuwan kimiyya na duniya, irin su ISEF ta Amurka da ta samo asali a 1950 da Eskom Expo ta Afirka ta Kudu, a kan littafin aiki da ganawa da alƙalai suka dogara, kuma suna da tsauraran dokoki kan duk binciken da ya shafi mutane. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a garin da ke da jami'ar lafiya: ɗan sakandare zai iya ƙirga gidajen da ke kwana cikin gidan sauro a unguwarsu da izinin masu gidan, amma ba shi da hurumin ɗibar jini ko rubuta sunan marar lafiya.

Saura wa zai duba aikin. Malamin da ke da aji mai ɗalibai fiye da kima, yana koyar da darasi biyu ko uku, ba za a ɗora masa kula da bincike talatin a ce an yi adalci ba. A nan ne tarin manyan makarantun yankin zai yi rana. Kwalejin Aminu Saleh tana tura ɗalibanta koyon aikin koyarwa a makarantun da ke kewaye kowace shekara. Za a iya sa jagorantar rukuni ɗaya na yara huɗu ko biyar ya zama cikin abin da ake ba su maki a kai. Jami'o'in biyu za su iya buɗe ɗakin gwaji ranar Asabar ɗaya a wata, su kuma ba da malaman da za su yi alƙalanci a bikin baje koli na shiyya. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Najeriya, STAN, wadda ta wanzu tun 1957, tana da rassa da gogewar shirya irin wannan. Jami'ar jiha kuma tana da ikon da WAEC ba ta da shi a wannan fage: za ta iya cewa duk wanda ya yi fice a bikin shiyya za a duba shi wajen ba da gurbi ko tallafin karatu. Kano ta nuna a 1977, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, cewa jiha ɗaya za ta iya yanke shawara kan ilimin kimiyya ba tare da jiran tarayya ba, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika asibitoci da ma'aikatun Arewa.

Aji biyu na babbar sakandare shi ne lokacin da ya fi dacewa, domin ɗan aji ɗaya bai gama zama ba, ɗan aji uku kuma jarrabawa ta riga ta cinye shi. Sai dai kalandar makaranta da ta yanayi ba su jitu ba. Ruwan sama a Katagum yakan kankama ne daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, daidai lokacin da makarantu ke dogon hutu kuma 'yan kwana sun watse. Duk makarantar da ke son awon damina cikakke sai ta amince wa ɗalibi ya tafi da ma'aunin gida, ta yarda da abin da ya rubuto daga ƙauyensu, ta kuma samu malamin da zai kira shi a waya ko sau ɗaya a mako ya ji ko yana dubawa.